Ludayina mai jan zare

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Sale ne, manomi daga Likoro.

Hannuna na rawa in na ɗaga ludayi, har kunu ya zube min a riga. Abokan da muka daɗe muna ciyayya a ƙofar gida suka ware min ludayi, suka ɗaura masa jan zare, wai kada su ɗauka.

Likita a Zariya ya ce rawar ta gado ce, ba a ɗaukar ta. Ya ba ni magani, ta ragu sosai. Na gaya musu, suka ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Har yau zaren yana nan.

Jama'a, in ci gaba da fito da kwanona, ko in ci a ɗaki? Ina gaishe su, na san suna ji.