Jiragen da ke Cikin Kula

A tashar motocin Abuja da ke Sakkwato, Ayuba na zaune rungume da kwali, sai wata mai kular abinci a cinya ta leƙo.

"Malam, mi kaka riƙo haka awa ƙwai?"

"Jiragen yaƙin sararin samaniya ne, Malama, 'yan ƙanana na roba. A kan tebur ake gwabzawa da su. Gobe akwai gasa a Abuja, kuma kofin nan nawa ne!"

"Iko sai Allah! Ƙaƙa kaka cin mutane?"

Ayuba ya gyara zama, ya buɗe kwalin. Ya manta rabon da wani ya tambaye shi haka.

"Kin ga babban nan? Shi nake turawa tsakiya, kowa ya ruɗe ya bi shi. Tarko ne! Sai ƙananan su zagayo ta hagu, su buɗe wuta ta baya!"

"In an ƙi bin babban hwa?"

"Ai na kaɗe, ƙananan ba sa jure duka. Amma wa ya sani?"

"Allah sarki. Ga fiffiken wanga ya lanƙwashe. Zahin Sakkwato ba ya barin roba cikin kwali, kula aka sa su."

Ta ɗaga murfin kular. Ba tuwo ba miya, sai jajayen jirage kwance cikin auduga.

"Sunana Atika, daga Wamakko. Na ga sunanka jikin kwalin. Ni da kai anka haɗa zagayen hwarko."

Ayuba ya yi wuf ya rufe kwalinsa.

"Malama, da na ce hagu, dama nake nufi."

"Shiga mota, Malam. Abuja da nisa, ka sake dabara."