Bishiyar Da Aka Sassaƙe A Lambun Samaru

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Samaru nake rubuto maka.

Mahaifina ya tsufa yana ban ruwa a lambun itatuwan nan na gefen tudu. Akwai wata bishiya da Turawa suka dasa, kamarta ɗaya da maɗaci. Ya hana mu taɓa ta, domin a gabansa akuya ta ci ganyenta, ba ta kai la'asar ba.

Ranar Lahadi na kai 'ya'yana lambun, na tarar an sassaƙe ta tas. Mai gadi ya ce, "Hajiya, masu maganin gargajiya ne, Sabon Gari suke kaiwa."

Jama'a, wa zan kai wa ƙara? Wanda kuma ya sayi sassaƙen maɗaci makon nan, don girman Allah kada ya jiƙa.