Ranar da Numfashin Ladan Ya Tsaya

Ikilima: Salamu alaikum. Dada? Dada, ke ce?

Dada: Wa alaikumus salam. Kai Sharhabilu, ta ina ake magana a wayar nan taka? Yauwa. Ikilima?

Ikilima: Ni ce. Ina wuni, Dada?

Dada: Lafiya lau. Ya Dutsen? Ya mutanen Limawa?

Ikilima: Suna gaishe ki. Ya Aujara, ya ruwa?

Dada: Ruwa ya yi gyara. Ya mai jiki? An yi wa babanku aikin ƙabar?

Ikilima: An yi. Dada, samu wuri ki zauna.

Dada: Inna lillahi...

Ikilima: A'a, yana nan da ransa! Amma yau na ga ikon Allah da idona. Wata allura suka yi masa, katamin suke ce mata...

Dada: Katako?

Ikilima: Katamin! Ita ce ke raba mutum da jikinsa, a yanka shi bai ji ba. Can sai ga ma'aikaciya ta fito a guje, ta bar ƙofa a buɗe. Na leƙa. Baba na kwance, ido a buɗe tar, ƙirji ko motsi. Leɓensa har ya yi duhu.

Dada: Malam ɗin? Ladanin da ake jin kiran sallarsa tun daga gona?

Ikilima: Shi fa. Likita ya kifa masa wata roba a fuska, yana matsawa kamar zugazugin maƙera. In ya matsa ƙirji ya tashi, in ya saki ya kwanta. Ashe haka numfashi yake, Dada, abin aro! Ina tsaye ina kallo, sai Baba ya ja numfashi da kansa.

Dada: Allahu akbar. Allahu akbar.

Ikilima: Da ya farka cewa ya yi wai yana can sama kusa da rufi, yana kallon wani tsoho a kwance, har tausayinsa ya ji. Sai daga baya ya gane shi ne. Dada? Kina ji na?

Dada: Ina ji. Ci gaba.

Ikilima: To ga abin da ya sa na kira. Likita ya ce allurar nan ba ta cika tsayar da numfashi haka kawai ba. Su ma suna haɗa ta da ɗan maganin barci, amma da awo. In mutum ya riga ya sha nasa ba su sani ba, sai biyun su taru su danne numfashi. An tambayi Baba an sake tambaya, ya ce ko ruwa bai sha ba.

Dada: Uhm.

Ikilima: Dada, wannan uhm ɗin fa?

Dada: Tun da aka ambaci wuƙa barci ya ƙaurace masa, gabansa sai faɗuwa. Ya aika aka sayo masa baliyam, ƙwayar barcin nan. Ya ce zai sha a mota, ya ƙara in sun isa.

Ikilima: Subhanallahi! Me ya hana shi faɗa?

Dada: Haba ke kuwa. A zamanin shari'ar nan, a ce ladan na shan ƙwaya? A gaban surukinsa, mijinki? Gara masa wuƙar.

Ikilima: Ai likita ya ce allurar ba ta gama sakinsa ba. Ko ɗaya ya ƙara yau, zai iya yin barcin da ba a tashi. Allah ya sa sun ƙare.

Dada: Ba su ƙare ba. Ni na ƙulla masa su a leda, na soke a cikin hularsa don kada a gani.

Ikilima: Hula?

Dada: Ƙuben nan shuɗi.

Ikilima: Dada, da zan fito daga ɗakin da aka kwantar da shi in kira ki, ya ce ya kasa barci, a miƙo masa hularsa, kansa na jin sanyi. Ni na miƙa masa da hannuna.

Dada: To me kike yi a waya? Ruga! Ki tuɓe ta daga kansa, in ya yi faɗa ki ce ni na...

Ikilima: Baba! Ku ba ni hanya! Baba!