Wanda Ya Karɓi Ajiya

Ranar da aka aiko mata cewa autarta ba ta farka daga tiyata ba, a kan bencin asibiti ta zauna tana jiran kayan yarinyar. Kusa da ita wani direba mai bandeji a ciki yana hira da wata tsohuwa, muryoyinsu na iso ta kamar daga ƙarƙashin ruwa.

"Iya, ba barci ba ne fa. Suna soka mini allurar nan, shi ke nan, babu ni. Gangar jikina na kan gado ana yanka, to ni ina ina?"

"Kana inda aka ajiye ka mana."

"Babu wuri, Iya. Ko duhu ban gani ba. Tun ranar nake tsoron kada mutuwa ma haka take."

"Ji shi! Kai da ba ka nan, wa ya dawo da kai? Motarka ce ta je ta ɗauko ka?"

"Likita."

"Likita ɗinki ya yi. Wanda ya karɓi ajiya Shi ya mayar."

"Kin tabbata?"

Tsohuwa ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin tiyata.

"Ɗan nan, maigidana na ciki tun safe. Bar ni da tabbacina."

Ita kuwa uwar yarinyar, har yau, in ta farka, takan jinkirta buɗe ido, ta ce a hankali, "Ni an dawo da ni, Auta. Ke ana riƙe da ke tukuna."