Ɗan Farina Ya Tambaye Ni, Na Kasa Amsawa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. A yi mini afuwa, na san wasiƙu sun yi muku yawa, ga tawa na ƙara. Ni ce Hajiya Rabi daga Greenbelt.

Ɗan farina injiniyan kwamfuta ne a kamfanin da ke yi wa sojoji aiki. Kun ji rigimar da ake yi. Masu wata manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, sun ce ba su yarda ta zaɓi wanda za a kashe ba sai mutum ya duba, gwamnati kuma ta ce ba mai gindaya mata sharaɗi. To, an umarci yaron nan ya cire manhajar, ya saka marar sharaɗi. In ya ƙi, aikinsa ya tafi, ga iyali.

Ranar Lahadi ya zo gida, ko tuwo ya kasa ci. Ya durƙusa ya ce, "Umma, ke kika sauke Alƙur'ani. In sabuwar manhajar ta sa aka kashe marar laifi, ina da kamasho a zunubin?"

A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle doguwar magana da shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri."

Ƙanwarsa ta ce, "Haba Umma, yau ma kunyar?"

Ya tashi ya fita.

Wallahi ba kunya kaɗai ba ce. Ban san amsar ba, kuma ina tsoron in yi fatawa da ka. Ranar Juma'a zai ba kamfanin amsa. Don Allah ku kai wa malamai tambayar nan, a amsa mana kafin ranar.