Gemun Dillali

A bencin jiran likita, a wani asibiti a Sakkwato, wani dattijo sai shafa ɗan gemunsa yake yi. Matar da ke gefe ta kasa haƙuri.

"Malam, ka bar gemun nan shi huta mana."

"Hajiya, bai daɗe da dawowa ba hwa. Anka yi min aikin ciwon daji, anka bi ni da allurai, gemu ya kakkaɓe tas. Yanzu wai sai an sa ni inji an gasa wurin. Na ce a'a."

"Don gemu?"

"Dillalin shanu nike. In na kama gemu na ce saniya lahiyarta lau, magana ta ƙare. Da ya zube na kama haɓa tsirara, wani Bahillace ya ce in je in kira babana."

"Ina ciwon yake?"

"Can ƙasa, ga hanji."

"To gemun can yake? Gashin inda injin ya haska kaɗai ka zubewa."

"Haka likita ya ce. Amma shi ko ƙwara ɗaya bai da, mi zai yi hasara? Ke kin shiga injin ne?"

"Ni hawan jini ya kawo ni. Maigidana dai na yi jinyarshi, shi ma a'a ya ce. Gemunshi har ƙirji. Masu yi mishi wankan gawa har yabawa sunka yi."

Dattijon ya sauke hannunsa.

"Allah shi jiƙanshi. Hajiya... ko ya zube, yana sake hitowa dai ko?"