Rufin da Na Ƙi Shafa wa Laka

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana mata na zumunta. Ku gyara zama, yau Hannatu ce da magana, kuma kun san halina, in na fara sai na kai aya.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ce matar marigayi Dauda tela, a bayan kasuwar dabbobi muke zaune nan Dakoro. Tun da Ubangiji ya kira shi gida, ni ce uwa, ni ce uba. Ƙosai nake soyawa da safe, da damina in je ƙwadago gonakin mutane. Da masu furoje, wato ƙungiyar agaji, suka zo neman gidajen marasa ƙarfi, sun leƙa rumbuna, sun tambayi ko ina da awaki, sun ɗaga kai sun ga rufin ɗakina na laka duk ya lotsa. Ba su ɓata lokaci ba suka sa ni cikin masu karɓar tallafi.

Abin ba yawa, amma shi ke sayo mana hatsi, kuma saboda shi ɗiyata Rifkatu ta ci gaba da zuwa lakwal, wato makarantar boko. Da ma akwai wata mata mai kai 'yan mata aikatau Maradi, ta sha zuwa tana yi mini daɗin baki in ba ta yarinyar. Tallafin nan ne ya ba ni bakin ce mata a'a.

Ana nan, sai ga kira ta wayar maƙwabta. Yayana Isuhu ne, wanda ya tafi Libiya shekara da shekaru ko gaisuwa babu, har mun fara cire rai. Ya ce ya ji ɗaki na neman faɗo mana, ya ba wani direba saƙo. Shi musulmi ne, ni kirista, amma nono ɗaya muka sha. Da kuɗin suka shigo hannuna sai da na zauna ƙasa na yi kuka.

To ni goyon Kornaka ce. Innarmu ta koya mana cewa ba a cinye kyauta a ƙuryar ɗaki. In an yi maka alheri sai ka fita ka faɗa, jama'a su taya ka godiya, mai kyautar ya sha albarka daga bakuna da yawa. Na ɗaura zanena mai kyau na bi unguwa gida gida. "Ku taya ni godiya, Yaya Isuhu ya tuna da mu!" Inna Zali, tsohuwar da muke katanga ɗaya, har guɗa ta rangaɗa. Ita ta raka ni wurin mai sayar da kwanon rufi, ta yi ciniki kamar za su dambace. Kwano, katako, ƙusa da ladan kafinta suka lashe kuɗin kaf.

Rufi ya hau, yana walƙiya tun daga bakin hanya. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi! In na fita ɗibar ruwa sai na waiwaya na kalle shi.

Ba a daɗe ba Ladi, matar ƙanen mijina, ta shigo ko sallamar kirki babu.

"Hannatu, bakinki ya ja miki," in ji ta. "Za a sake tantance masu tallafi, kuma magana ta kai kunnen komiten tallafin wai kina da ɗan'uwa a waje mai aiko miki kuɗi. Wa kika ga ba a aiko wa? Kowa shiru yake yi, ke kaɗai kika ɗauki ganga."

Na ce, "To yanzu ƙaƙa za a yi?"

Ta ce, "Kafin su zo dubawa mu shafe rufin da laka, mu jera kara a kai. In sun tambaya, ki ce tsohon kwano ne aka ara miki, kuɗin kuma rance ne."

Kamar haɗin baki, a satin nan matar aikatau ta ɓullo. Ta zauna kan turmina tana murmushi, ta ce ta ji labari, in shirya mata Rifkatu bayan an cire sunana. Yarinyar tana tsaye da littattafanta a hannu, ta ji komai. Ta shige ɗaki. Wayyo, 'yan'uwa, tsoro ya kama ni!

Washegari da hantsi na haƙo ƙasa, na zuba ruwa, na shiga ina kwaɓawa da ƙafa. Ladi ta tafi aron tsani. Ina cikin kwaɓin nan na ɗaga kai, rana ta bugi kwanon, hasken ya cika mini ido. Sai zuciyata ta ce, yanzu gumin Yaya Isuhu ne za ki rufe da laka? Alherin da kika yi shelarsa da bakinki, shi za ki kira rance?

Ban fita daga cikin lakar ba, nan na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, kai ka taɓa zuciyar yayana a can nesa. In na ɓoye wannan, yabonka na ɓoye. Amma ga ɗiyata, ba ni da wani ƙarfin riƙe ta. Ni dai ba zan yi ƙarya ba, sauran aikin naka ne." Ina cewa Amin na ji tsoron ya sauka daga ƙirjina.

Ladi ta iso da tsani a ka. Na ce ta mayar wa masu shi. Ta ce, "Girman kai zai kashe ki da yunwa." Na ce, "Na ji, a gaida gida." Lakar kuwa na gyara murhuna da ita.

Ma'aikacin furoje ya zo, ya ga rufi, ya tambaye ni batun aike. Na faɗa masa yadda aka yi tiryan-tiryan. Ya ce a ƙa'idarsu gida mai rufin kwano da samun kuɗi daga waje ana ɗauka ya fita sahun mabukata, amma za a kawo maganar gaban jama'a a ƙofar mai unguwa.

Ranar taro na sa zanen nan dai mai kyau. Da aka kira sunana aka ce za a cire, na miƙe. Ni da ban taɓa magana gaban maza ba! Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne yayana ya aiko, kuma ina alfahari da shi. Sau ɗaya ya aiko, ga shi can bisa ɗakina kowa na gani. Rufi ba ya shiga tukunya. A je a leƙa rumbuna, in an samu abin da kaza za ta tsattsaga a cire ni."

Sai Inna Zali ta dogara sandarta ta tashi.

Ta ce, "Wallahi ni na yi cinikin kwanon nan, ko dala ba ta rage ba. Yarinyar nan gida gida ta bi muka taya ta godiya, shi ya sa muka san abin da ya shigo da inda ya tafi. Masu ɓoye nasu fa, wa ya san nasu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun ga shekarun da take tara ƙwarya tana tarbar ruwa a kan gadon marayu."

Daga nan mata suka ɗauka. Duk gidan da na shiga ranar godiya sai da aka samu mai ba da shaida, kuma kusan dukansu musulmi ne. Har liman ya ce in aka hukunta mai faɗin gaskiya, gobe ba wanda zai ƙara faɗa. Ma'aikacin ya ce shi ba ya yanke hukunci, amma zai kai maganar jama'a sama yadda ya ji ta.

Jira ya yi tsawo, 'yan'uwa. Mun sha kunu tsararo, mun ci tafasa ba ƙuli. Ban fasa addu'a ba. Da ranar biya ta zo na je na tsaya can baya, sai na ji an kira, "Hannatu Dauda!" Haleluya! Ku ce Amin!

Matar aikatau ba ta ji labari ba, ta iso da safe har da kuɗin mota a hannu, ta ce ina yarinyar. Na ci gaba da juya ƙosaina, na nuna mata hanya da matsami. Na ce, "Kin makara, Hajiya. Tana lakwal, kuma gobe ma can za ta."

Godiya ta tabbata ga Ubangiji wanda ya riƙe mini ɗiyata ba tare da na sunkuyar da kaina ba. Ke da ke zaune kina tsoron gaskiya za ta raba ki da abincin 'ya'yanki, ki dogara ga Yesu ki faɗe ta. Ga Rifkatu can a layin mawaƙa. Tashi, ɗiyata, su gan ki.